Shagon buga yarjejeniya na bakin sakatariya: gwanin bugu ne, amma kada a bar masa zaɓen sharaɗi

Duk wanda ya san hedikwatar ƙaramar hukuma a Jigawa ko a karkarar Kano ya san irin shagon nan. Yana jikin katangar sakatariya ko daura da kotu, da kwamfuta ɗaya, da firinta, da injin fotokwafi, da benci mai cin mutum huɗu. Da can hoton fasfo da cike fom ɗin makaranta ke kai mutane wurin. Yanzu kuwa, tun da jama'a suka gaji da rigimar "ni ba haka muka yi da kai ba", buga takardar yarjejeniya ya zama babban cinikinsa. Mai injin casar shinkafa a Kura zai zo da sababbin yaransa. Mai gonar riɗi zai zo da shugaban 'yan ƙwadago. Sakataren 'yan sintiri zai zo da dokokin da aka tsayar a ƙofar dagaci, a rubuce a bayan littafin makaranta, yana so a mayar masa da su kamar takardar gwamnati.

Wajen sauri da araha da tsabtar aiki, ba mu da abin kushe wannan hidima. Shafi-shafi ake biya, kuma kafin a idar da sallar azahar takarda ta fito. Matsalar tana cikin abin da ake zubawa a takardar. Ana sayar wa mutane sharuɗɗan da ko yatsu goma aka dangwala musu ba za su tsaya a gaban alƙali ba, sannan a bar waɗanda doka ta ce lallai a rubuta. Ba mugunta ke kawo wannan ba, yadda ake aikin ne.

Mai shago ba ya zama ya tsara yarjejeniya daga farko. Tsofaffin takardu ne a cikin kwamfutarsa, wasu ma gadonsu ya yi daga shagon da ya koyi aiki. Zai buɗe wadda ta fi kama da buƙatarka, ya goge sunaye da kwanan wata, ya sa naka. Abin da ke tsakiya yana nan yadda yake. Maganar da ake yi a bakin tebur ba ta wuce haka:

"Baba, a bar layin asara ko a cire?"

"Bar shi, ɗana. Duk abin da ka sa wa Alhaji wancan karon, ka sa mini."

Yaron da za a ɗauka aiki yana zaune a ƙarshen benci, ba wanda ya tambaye shi. Sau da yawa takardar da Turanci take fitowa, domin an ɗauka ta Turanci ta fi kwarjini, alhali daga mai ɗauka har wanda ake ɗauka ba mai karanta ta. A nan shagon yake fara karya doka bai sani ba. Jihohin Arewa sun gaji dokar kare wanda bai iya karatu ba, wadda ta ce duk wanda ya rubuta wa irin wannan mutum takarda ya sa sunansa da adireshinsa a jikinta, alamar cewa an karanta masa, an fassara masa, kafin ya dangwala. Layi uku ne kacal, amma da wuya ka gan su a takardun shagon nan. In babu su, wanda ya dangwala yana da ƙofar cewa bai san abin da ya amince da shi ba. Ko a addini ma, ayar bashi ta cikin Suratul Baƙara ta umarci marubuci ya rubuta da adalci, ta kuma ce wanda haƙƙi yake kansa shi ne zai yi shifta. A shagon bakin sakatariya mai biyan kuɗin bugu ne yake shiftar.

Takardun wurin aiki

Layin da ya fi kowane yawa shi ne na asara: duk abin da ya ɓata ko ya lalace a hannun ma'aikaci za a cire a albashinsa, wanda ya makara kuma a ci shi tara. Dokar Ƙwadago ta tarayya, a sashe na 5, ta hana maigida cin ma'aikaci tara daga ladansa, ta kuma hana ƙulla yarjejeniya a kan hakan. Ƙofa ɗaya ta bari. Idan asarar ta faru ne saboda ganganci ko sakacin ma'aikacin, ana iya cire abin da bai wuce hankali ba, amma sai da rubutaccen izinin jami'in ƙwadago tun kafin a cire. Kuma duk cire-ciren da za a yi a wata ɗaya, in aka haɗa su, kada su wuce kashi ɗaya cikin uku na albashin. A ce yaron inji yana karɓar naira 45,000 a wata, bel ya tsinke ko buhu ya yi ƙafa. Ko da an tabbatar sakacinsa ne, ko da jami'in ya amince, abin da za a taɓa a watan ba zai haura 15,000 ba. Maigidan da ya riƙe albashin gaba ɗaya yana nuna takarda, takardar ba ta kare shi ba. Masu ilimin fiƙihu ba za su yi mamakin wannan ba, domin a wajen malaman Malikiyya ɗan aikin da aka ɗauka da lada, kamar makiyayin da aka ba kiwo, amintacce ne, ba ya ramuwa sai in ya yi sakaci ko ya ƙetare iyaka.

Sai kuɗin kafin alƙalami, wanda shi ne igiyar da ake ɗaure mutane da ita a ƙauye. Damina ta kawo kai, gida ba hatsi, lebura ya karɓi ladan wata uku tun bai ɗaga fartanya ba. Takarda ta ce ba zai bar aiki ba sai ya biya, in ya gudu a kama shi ko a kama wanda ya tsaya masa. Sashe na 4 na dokar ya ce abin da za a ba ma'aikaci a gaba kada ya wuce albashin wata ɗaya, kada maigida ya cire abinsa a ƙasa da wata uku, kada kuma a ɗora masa ruwa ko wani ƙari. Bashin dai bashi ne, maigida yana da damar neman kuɗinsa a kotu. Abin da ba shi da dama shi ne tilasta wa mutum aiki da sunan bashin, domin sashe na 34 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya hana bauta da aikin dole, sashe na 73 na Dokar Ƙwadago kuma ya mayar da shi laifi. Maganar kamu ma ba ta da ƙafa. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta ce ba a kama mutum don kawai ya saɓa yarjejeniya, ba a kuma kama wani a madadin wani. Mun san ana yi, amma wanda ya rubuta shi a takarda ya rubuta wa kansa shaida ne.

Layi na uku: maigida na iya sallamar ma'aikaci duk sa'ad da ya ga dama. Sashe na 11 na Dokar Ƙwadago ya ƙayyade wa'adin sanarwa gwargwadon daɗewar mutum. Wanda bai wuce wata uku ba, kwana ɗaya. Daga sama da wata uku zuwa ƙasa da shekara biyu, mako ɗaya. Daga shekara biyu zuwa ƙasa da biyar, mako biyu. Shekara biyar zuwa sama, wata ɗaya. Sanarwar da ta kai mako ɗaya a rubuce ake ba da ita, ana kuma iya biyan kuɗin wa'adin a madadinta. Wannan ƙa'ida wuƙa ce mai baki biyu, domin ta hau kan ma'aikaci ma. Yaron da ya shekara uku a inji ya wayi gari ya tafi ci-rani ba sallama, shi ma ya saɓa.

Layin da ya fi tayar mana da hankali shi ne na rauni: duk abin da ya sami ma'aikaci a bakin aiki ƙaddara ce, ba shi da hakkin neman komai. Wanda ya taɓa tsayawa kusa da injin casa ko injin niƙa ya san yadda bel da ba murfi yake fizgar hannun riga, ya kuma san matan da ke turara shinkafa a bakin tukunya. Dokar Diyyar Ma'aikata ta 2010 ta ce ma'aikaci ba zai iya yarda da maigidansa a kan yafe diyyarsa ba, duk yarjejeniyar da aka yi a kan haka banza ce. Tsarin kuwa shi ne maigida ya yi rajista da asusun inshorar ma'aikata na gwamnati, wato NSITF, ya riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimlar albashin da yake biya, daga aljihunsa, ba daga ladan ma'aikata ba. In hatsari ya faru, ma'aikaci ko iyalinsa su sanar da maigida cikin kwana 14, shi kuma ya kai rahoto cikin kwana 7, a shigar da neman diyya cikin shekara ɗaya. Inda ake yin asara shi ne kwanakin nan. Ana ta jinya da sulhu da "a bari ya warke tukuna", ba wanda ya rubuta ranar da abin ya faru, ba takardar asibiti, har lokaci ya ƙure. Shagon da ya san aikinsa da ya cire layin ƙaddara ya sa wanda ke cewa wa za a sanar, da wane ne zai kai mai rauni asibiti.

Game da yara, takardun sukan yi shiru a kan shekaru, kuma shirun ba na banza ba ne. Doka ba ta yarda wanda bai kai 16 ba ya ƙulla yarjejeniyar aiki da kansa. Ta hana sa shi aiki a kan inji, ta hana ya wuce awa huɗu a jere ko takwas a yini. Wanda bai kai 12 ba, sai dai aiki mara nauyi na gona ko na gida a hannun danginsa, kuma dokar hana fataucin mutane ta 2015, wadda hukumar yaƙi da fataucin mutane, NAPTIP, ke aiki da ita, ta mayar da ɗaukar yaro ƙasa da 12 aikatau laifin ɗauri. Koyon sana'a yana da tasa hanya. Uba ko waliyyi na iya ba da ɗan shekara 12 zuwa 16 ga ubangida, wa'adin kada ya wuce shekara biyar, a rubuce, jami'in ƙwadago ya sa hannu. Da wuya a ga takardar yaron gareji ko yaron tela da ta bi ta wannan ofis, kuma ita ce takardar da ta fi buƙatar a rubuta ranar yaye da abin da za a sallami yaro da shi.

Akwai kuma abin da takardun ba sa faɗa ko kaɗan. Sashe na 7 na Dokar Ƙwadago ya wajabta wa maigida ba ma'aikaci bayani a rubuce kafin cikar wata uku da fara aiki: sunayensu, ranar da aka ɗauke shi da wurin, irin aikin, yawan lada da yadda ake lissafa shi da ranar biya, awannin aiki, hutu, rashin lafiya, da wa'adin sanarwa. Wanda ke aikin awa shida ko fiye yana da hutun da ya kai awa ɗaya a cikin yinin, da yini guda cur a kowane mako. Bayan wata 12 a jere yana da hutun kwana shida na aiki da albashinsa. Rashin lafiyar da likita ya tabbatar, har kwana 12 a shekara ana biya. Mai ciki tana da mako shida kafin haihuwa da shida bayanta, da aƙalla rabin albashi in ta kai wata shida a wurin, mai shayarwa kuma rabin awa sau biyu a yini. Lada da kuɗi ake biya, tsakanin biya da biya kada ya wuce wata, kuma ba a tilasta wa mutum ya kashe shi a shagon maigida. Sharaɗin cewa kada ma'aikaci ya shiga ƙungiyar ƙwadago shi ma haramtacce ne.

Kada ma'aikata su ɗauka komai nasu ne. Mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a watan Yulin 2024 bai hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, bai hau kan aikin jinga ko na kamasho ba, bai kuma shafi aikin da ke bin lokaci irin na gona ba. Wato yawancin masu yankan shinkafa, masu tsinkar tumatir a Kadawa da masu gyaran zoɓo ba za su kafa hujja da shi ba. Abin da zai kare su shi ne a fayyace ma'auni. In jinga ce, a rubuta iyakar gonar daga ina zuwa ina, ko buhu nawa, buhun kuma wane iri, da wanda zai auna, da ranar biya. Rigimar kaka yawanci daga kalmar "buhu" take tashi, ba daga wani sashe na doka ba.

Dokokin gari da na ƙungiya

A nan ne shagon ya fi kwafsawa, domin a nan ne jama'a suka fi yarda da shi. Unguwa ta taru, an yi shawara, dattawa sun sa albarka, an kawo a buga. Kowa yana ganin tun da gari ya amince, magana ta ƙare.

Gari yana da damar tsara al'amuransa, kuma yana da kyau ya tsara. Ƙungiyar masu ban ruwa a Bunkure ko Auyo tana buƙatar jadawalin wanda zai sha ruwa yau da wanda zai sha gobe. Kwamitin burtsatse yana buƙatar kuɗin gyara. Kasuwa tana buƙatar tsari. Amma ikon da kowane mataki yake da shi daban ne. Ƙaramar hukuma, guda 44 a Kano da 27 a Jigawa, sashe na 7 na Kundin Tsarin Mulki ne ya tabbatar da ita, kuma majalisar kansilolinta na iya yin ƙananan dokoki a kan abin da aka ba ta, irin su kasuwa, tasha da tsabta. Hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yulin 2024 ya ce a riƙa ba ta kuɗinta kai tsaye, ya kuma ce shugabancin riƙo ba ya bisa doka. Wasu sun fassara cin gashin kan nan da cewa yanzu kowane gari sarkin kansa ne. Hukuncin bai taɓa Babi na Huɗu na Kundin ba, inda haƙƙoƙin ɗan Adam suke daga sashe na 33 zuwa 46, kuma sashe na 1 yana nan yana cewa duk dokar da ta ci karo da Kundin ta faɗi gwargwadon karon. In wannan ya hau kan dokar majalisar jiha, ina ga takardar da aka buga a shago?

Ga irin abin da ake bugawa. Ɓarawon da aka kama, bulala kaza a bainar jama'a. Wanda ake zargi, 'yan sintiri su tsare shi har ya faɗi gaskiya. Wanda ya maimaita, a kore shi daga gari shi da iyalinsa. Baƙo ba zai sayi gona ko ya kafa rumfa ba. Sashe na 36 na Kundin ya ce ba a hukunta mutum da laifi sai laifin da hukuncinsa suna cikin rubutacciyar doka, ya kuma fayyace cewa ana nufin dokar tarayya, ko ta jiha, ko ƙaramar dokar da aka yi a ƙarƙashinsu. Taron ƙofar fada ba ya cikin lissafin. Sashe na 34 ya hana azabtarwa da wulaƙanci. Ɗan sintiri, kamar kowane mutum, yana iya kama wanda ya gani yana aikata laifi, amma aikinsa ya miƙa shi ga 'yan sanda ba tare da jinkiri ba. Su kansu 'yan sandan sashe na 35 ya ba su yini ɗaya su kai shi kotu in akwai kotu cikin kilomita 40, in babu, kwana biyu. Sashe na 41 ya ba ɗan ƙasa damar zama ko'ina a Najeriya, na 43 ya ba shi damar mallakar fili ko gida ko'ina, na 42 ya hana a ware shi saboda ƙabila, asali, jinsi ko addini. Sakataren da ya sa hannu a ƙarƙashin layin bulala, ranar da wani ya mutu a hannun yaransa, takardar nan ce za a fara ɗaukowa.

Maganar tara da kwace tana buƙatar a tsaya a kanta, domin ba duka ce ɓatacciya ba. Wanda ya shiga ƙungiya da ƙafarsa, ya amince da tsarin mulkinta, kuɗin wata da tarar fashin taro sun hau kansa kamar kowane alkawari. Ƙungiya na iya dakatar da shi ko ta kai shi ƙara. Abin da ba za ta yi ba shi ne ta ɗora wa wanda ba ɗanta ba, ko ta aika matasa su ɗauko injin ban ruwansa ko akuyarsa. Kotun Ƙoli ta yanke irin wannan tun 1991, a shari'ar Agbai da Okogbue. Wani tela ne a Aba ya ƙi shiga ƙungiyar tsararrakinsa ta garinsu saboda addininsa, ya ƙi biyan kuɗin da suka yanka, suka ɗauke masa keken ɗinki da hujjar al'ada. Kotu ta ba shi gaskiya. A ƙasar Ibo abin ya faru, amma 'yancin shiga ƙungiya ko ƙin shiga, wanda yanzu yake sashe na 40, ɗaya ne a Aba da Kafin Hausa. Aikin gayya kuwa Kundin bai lissafa shi cikin aikin dole ba, domin ya keɓe ayyukan al'umma na yau da kullum da ake yi don amfanin kowa. Yashe magudana da gyaran maƙabarta suna ciki. Noman gonar wani babba ba ya ciki.

Yarjejeniyar manoma da makiyaya ita ce wadda muka fi so a ce shagon ya iya, domin tana hana zubar da jini. Mai kyau takan faɗi ranar da za a saki dabbobi cikin gonaki bayan an kwashe amfani, ta ambaci burtali da mashaya da sunayen da kowa ya san su da su, ta ce wa da wa za su je duba ɓarna, daga ɓangaren dagaci da na arɗo, cikin kwana nawa, da yadda za a ƙiyasta ta. Wadda ake bugawa kuwa sau da yawa layi ɗaya take ƙarawa da ke rushe sauran: in ba a ga mai ɓarna ba, rugar da ta fi kusa ita za ta biya, ko a riƙe shanunta. Hukunta wanda bai yi ba kenan, kuma shi ne ke mayar da ɓarnar kwano goma ta zama gaba ta shekaru. A Jigawa akwai hukumar sasanta manoma da makiyaya ta jiha, kuma ya fi a rubuta cewa abin da ya gagari kwamiti can za a kai, ko kotu.

Abu guda da ba mu cika gani a dokokin ƙungiyoyi ba shi ne hanyar jin ta bakin wanda ake tuhuma. A rubuta cewa za a sanar da shi abin da ake zarginsa, a ba shi kwanaki ya shirya, ya zo da shaidunsa, kuma wanda ya kawo ƙara ko ɗan'uwansa ba zai zauna cikin masu yanke hukunci ba. In akwai mata a ƙungiyar, kamar ta masu turara shinkafa ko ta adashi, a faɗi yadda za a ji ta bakinsu su da kansu.

Hatimi, da inda ake kai kuka

Bayan bugu, mai shago yakan ce a tsallaka kotu a buga hatimi. Mutane suna fitowa da jan tambari suna jin takarda ta zama doka. Jami'in rantsuwa yana shaida ne cewa wane ya zo gabansa ya rantse, ba ya duba ko sharuɗɗan sun halatta. Haka sa hannun mai unguwa ko dagaci. Shaida ce mai daraja ta cewa an yi zaman, amma ba ta halatta abin da doka ta hana. Sannan akwai takardar da bai kamata shagon ya taɓa ba sam: dokar aikin lauya ta hana wanda ba lauya ba ya karɓi kuɗi ya tsara takardar da ta shafi fili ko gida. Cinikin gona da jinginarta, a nemi lauya.

In rigima ta tashi, sulhu a gaban dattawa ko Hisba yakan fi sauri, kuma yana da kyau muddin ba a tilasta wa mai rauni ya yafe abin da yake nasa ba. In ya gagara, rigimar aiki ta Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ce. Gyaran Kundin Tsarin Mulki na 2010 ya ba ta ita kaɗai hurumin shari'ar aiki da albashi, har da wariya, cin zarafin mata a wurin aiki da bautar da yara, kuma tana da reshe a Kano. Kafin nan akwai ofishin ƙwadago na tarayya a babban birnin jiha. Take haƙƙi irin na duka, tsarewa ko kora daga gari, Babbar Kotu ake kai shi a ƙarƙashin sashe na 46 na Kundin, kuma ƙa'idojin shigar da ƙarar take haƙƙi na 2009 sun ce irin wannan ƙara ba ta tsufa. Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1995, tana karɓar koke kyauta a Kano da Dutse, haka ma hukumar ba da tallafin lauya ga marasa hali. Gaskiyar magana, ga leburan da ke bin ladan mako biyu daga wani ƙauyen Birniwa ko Doguwa, kuɗin mota kaɗai ya isa ya sa ya haƙura. Shi ya sa gyaran takarda tun a shago ya fi masa amfani fiye da duk ofisoshin nan.

To, a je shagon ko kada a je? A je, amma da rubutunka a hannu. Ku zauna ku biyu a gida ku tsayar da magana, a rubuta da Hausa, ko da ajami ne a karanta wa mai bugu. Ka ce masa ya buɗe sabon shafi, kada ya ɗora a kan tsohuwar takarda. In ya gama, wani wanda ba mai biyan kuɗin ba ya karanta da ƙarfi tun daga sama har ƙasa, a gaban shaidu biyu, kowane ɓangare ya kawo nasa. Mai shago ya sa sunansa da adireshinsa da bayanin cewa an karanta an fassara. Kada a bar gurbin da ba a cike ba, musamman wajen adadin kuɗi da kwanan wata, kuma a rubuta kuɗin da lamba da kalmomi. A sa hannu ko a dangwala a kowane shafi, ba na ƙarshe kaɗai ba, domin shafin tsakiya ne ake sauyawa. A buga kwafi uku a sa wa kowanne hannu, ɗaya na maigida, ɗaya na ma'aikaci, ɗaya a wajen shaida, sannan a ɗauki hotonsa a waya. In dokokin ƙungiya ne ko na gari, kafin a tara mutane su dangwala, a kai daftarin wajen lauya ko ofishin tallafin shari'a a duba layukan hukunci. Yawanci ba su wuce biyar ko shida ba, kuma a shafin ƙarshe suke taruwa.